Idan Zuciya Ta Ƙi Kwanciya: Yadda Nake Gwada Ta Kafin In Yanke Shawara

Biro na hannuna, takarda na kan tebur, ɗan'uwan da ya kawo ta yana tsaye a kaina yana duba agogo. Shekara da shekaru muna majami'a ɗaya, muna ƙungiyar addu'a ɗaya. Abin da yake nema, in ji shi, bai taka kara ya karya ba: in tsaya masa a kan wani bashi da zai karɓa don ya faɗaɗa sana'arsa. Ya yi mini bayani har sau biyu, lissafin ya fita, ban ga inda zan kama shi ba. Amma tun da ya zuge jakarsa wani abu ya tokare mini ƙirji. Bakina ya bushe. Layin farko na takardar sau uku na karanta shi, babu abin da ya shiga kaina.

"Ɗan'uwa, sa hannu kawai," ya ce. "Yau ake rufewa. Ko ba ka yarda da ni ba ne?"

Wannan tambayar ce ta karya mini gwiwa. Na ji kunyar a ce ina zargin ɗan'uwa a cikin Almasihu, na danne abin da nake ji, na sa hannu. Bayan wata bakwai aka fara nemana a waya. Ashe tsohon bashi ya toshe da kuɗin, ba sana'a ya faɗaɗa ba. Kusan shekara uku na yi ina biyan abin da ban ci ba, iyalina suna shan wahalar tare da ni.

Abin da ya fi yi mini ciwo ba kuɗin ba ne. An gargaɗe ni a ranar, a cikin jikina, na ji sarai, na ƙi tsayawa. Kuma da na tsaya ko na dare ɗaya na buɗe Littafi Mai Tsarki, da na tarar Karin Magana 6:1-5 da 22:26-27 suna magana ƙiri-ƙiri a kan mai ɗaukar lamunin bashin wani, har da kashedin cewa za a iya janye gadon da yake kwance a kai. Tun daga lokacin na ɗauki wannan nauyin zuciya da muhimmanci, na koyi yadda zan bi da shi. Abin da na koya shi ne zan shimfiɗa a nan.

Ga ginshiƙin maganar tun da wuri: rashin kwanciyar hankali yana da ikon tsayar da kai, amma ba shi da ikon yanke hukunci shi kaɗai. Wanda ya danne shi ya yi kuskure irin nawa. Wanda kuma ya mai da shi muryar Allah kai tsaye, ba gwaji ba bincike, shi ma ya kama hanyar ɓata.

Fara da tsayawa

Da zarar ka ji abin, ajiye biron. Kada ka sa hannu, kada ka tura kuɗin, kada ka ce "to" don a rabu lafiya. Ba sai ka san dalili ba tukuna. Ruwa ba ya tsami banza, amma gano abin da ya tsamar da shi yana cin lokaci, lokacin nan kuwa shi ne abu na farko da za ka nema.

Ka duba Joshuwa sura 9. Mutanen garin Gibeyon suka zo wurin Isra'ilawa da tsofaffin takalma da yagaggun tufafi da busasshen guzuri mai fumfuna, suka ce daga ƙasa mai nisa suka fito, a ƙulla alkawari da su. Mutane da yawa suna tsallake aya ta 7, alhali a nan darasin yake: Isra'ilawa sun yi shakka. Sun furta da bakinsu cewa wataƙila mutanen nan a kusa suke zaune. Jikinsu ya ba su. Sai aka nuna musu guzurin, ido ya gamsu, shakkar ta kwanta. Aya ta 14 ta ce ba su nemi shawarar Ubangiji ba. Kwana uku kacal bayan rantsuwar gaskiya ta fito, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Da sun jira kwana ukun nan kafin rantsuwa, ba bayanta ba, da labarin ya sha bamban.

Shi ya sa nakan nemi kwana uku a kan duk wata babbar magana: aure, barin aiki, haɗa jari, ƙaura, tsaya wa wani. Ba doka ba ce daga sama, ma'auni ne da na ga yana yi mini aiki. Ka tanadi kalmominka tun kafin ranar, don kunya tana ɗaure harshe. Nawa su ne: "Na ji bayaninka, na gode. Ka ba ni kwana uku in kai maganar gaban Ubangiji, zan ba ka amsa." Ka lura da fuskar mutumin a lokacin. Mai gaskiya yakan yi haƙuri ko da bai ji daɗi ba. Wanda ya hau ka da "yau ko ba ka samu ba", ko ya juya maganar ta koma ta amana da zumunci, ya riga ya amsa maka rabin tambayarka. Idan aka ce lallai sai yanzu, ni amsata a'a ce.

Akwai inda ba a jiran kwana uku ma. Idan kina tare da wani ku biyu kaɗai, jikinki ya ba ki cewa wurin nan ba lafiya, tashi ki fita, ko da ana kiransa bawan Allah. Idan yaronka ya fara ƙin zuwa wurin wani babba ba tare da ya iya faɗin dalili ba, ka janye shi tukuna, bincike ya biyo baya. A irin wannan, kuskuren fita ya fi kuskuren zama sauƙi nesa ba kusa ba.

Ka tambayi nauyin daga ina ya fito

Nan aikin yake, nan kuma zan daɗe.

Fara da jiki, don mu Kirista mukan yi saurin kai komai ga ruhu. Annabi Iliya, bayan ya yi nasara a kan annabawan gunki a Dutsen Karmel, ya gudu daga sarauniya Yezebel da take neman ransa, ya zauna a gindin wani itace yana roƙon mutuwa. A 1 Sarakuna 19 mala'ika bai fara da wa'azi ba. Ya tashe shi ya ci ya sha, ya koma barci, ya sake tashe shi ya ci. Sai bayan tafiyar kwana 40 zuwa Horeb ya ji siririyar muryar da Ubangiji ya yi masa magana da ita. Mutumin da ya kwana biyu bai runtsa ba, ko ya fito daga faɗa da matarsa, ko zazzaɓi na cinsa, komai zai yi masa kama da haɗari. Ka yi barci, ka ci abinci, ka sake duba maganar da safe. Nauyi da yawa da na ɗauka na Ruhu ne, gajiya ce, gari na wayewa suka watse. Wanda ya wayi gari yana nan daram, shi nake ci gaba da bincike a kansa.

Bayan haka ka zauna da takarda ka sa wa abin suna. "Hankalina bai kwanta ba" bai isa ba. Da me? Da mutumin, ko da lokacin, ko da wani sharaɗi guda, ko da abin da zai ci maka? Ka rubuta. Da na yi haka a ranar bashin, da na gane abin da idona ya gani hankalina bai kai gare shi ba: duk lokacin da na tambayi inda kuɗin za su shiga, sai ya kawar da kai ya sako wata magana. Sau da yawa nauyin zuciya wani sani ne da ka tara ba ka lura ba, Ruhu Mai Tsarki kuwa yana amfani da shi. Manzo Bulus ya gargaɗi mutanen jirgi a tsibirin Karita kada su ci gaba da tafiya, a Ayyukan Manzanni 27, don lokacin hatsarin teku ya shigo. Mutum ne da jirgi ya riga ya farfashe da shi har sau uku, kamar yadda ya rubuta a 2 Korantiyawa 11:25. Jarumin sojan da yake tsare da Bulus ya fi yarda da matuƙi da mai jirgin, mafi yawan mutane suka goyi bayan tafiya, iska mai laushi ta taso daga kudu kamar tana tabbatar musu. Suka ƙare da dare 14 a cikin guguwa, mutum 276 a jirgin, jirgin kuma bai kai labari ba. Rinjayen jama'a da kyawun yanayi ba su mai da gargaɗin ƙarya ba.

To, amma yaya za ka bambanta gargaɗi da tsoro? Wannan tambayar ta fi kowace wuya, ni kuma a kan wata magana ta gida na koye ta. Na yi shekara huɗu ba ma magana da yayana. Ran da na ƙudura zan je in nemi sulhu, ƙirjina ya yi nauyi irin na ranar takardar nan, har na fara cewa Ubangiji ne yake hana ni. Na kai maganar wurin wata tsohuwa a ikkilisiyarmu, wadda ta daɗe tana bin Ubangiji. Ta bar ni na gama zuba, sannan ta ce, "Ɗana, wannan nauyin, wa yake karewa? Sunan Yesu, ko girman kanka?"

Na yi shiru.

"In ka durƙusa ka ce nufinka za a yi, ƙaruwa yake ko raguwa?"

"Raguwa yake, Mama. Sai na tashi na fara tunanin abin da zai faɗa mini yake dawowa."

"To tsoro ne. Tashi ka je wurin ɗan'uwanka."

Tambayoyinta biyu har yau su nake amfani da su. Ga abin da na lura da shi a kaina, kai ma ka gwada ka gani. Tsoro surutu gare shi, yana kawo dalili goma, ka rushe ɗaya ya kawo wani, kuma duk a kaina yake zagaye: me za a ce da ni, in na faɗi fa, in aka wulaƙanta ni fa. Gargaɗin Ruhu ba shi da yawan magana. Wuri guda yake nunawa, ba ya motsawa daga nan, kuma idan na natsu a gaban Allah sai ya ƙara fitowa fili maimakon ya narke. Tsoro yakan hana ni abin da Kalmar Allah ta riga ta umarta, kamar gafara da sulhu da faɗin gaskiya. Matiyu 5:23-24 ta riga ta ce ka bar baikonka a gaban bagade ka je ka shirya da ɗan'uwanka. Abin da aka rubuta a sarari, ba a jiran salama kafin a yi shi.

Wani da ya taimake ni ƙwarai a nan shi ne Ignatiyus na Loyola. Ba ɗariƙarmu ɗaya ba, amma ban ga wanda ya zauna ya lura da motsin zuciya kamarsa ba. Soja ne daga ƙasar Sifen. A shekarar 1521, a yaƙin Pamplona, harsashin igwa ya farfasa masa ƙafa. Yana kwance yana jinya wata da watanni, ya nemi littattafan jarumta irin waɗanda ya saba, ba a samu ba sai tarihin rayuwar Almasihu da na tsarkaka. A nan ya lura da wani abu. Idan ya yi ta mafarkin suna da ɗaukaka, yana jin daɗi a lokacin, amma da tunanin ya wuce sai ya bar shi a bushe, ransa a ɓace. Idan ya yi tunanin bin sawun bayin Allah, farin cikin yakan zauna ko bayan tunanin ya wuce. Wato kada ka auna tunani da daɗin da yake ba ka yanzu, ka auna shi da abin da yake bari a bayansa.

Daga cikin ƙa'idodin da ya rubuta daga baya, waɗanda aka amince da su a 1548, uku nake riƙe da su. Ta farko, ka duba inda ka dosa. Ga wanda yake nutsewa cikin zunubi, Magabci, wato Shaiɗan, lallashi yake yi, Ruhun Allah ne yake sukar lamirinsa. Ga wanda yake ƙoƙarin bin Ubangiji kuwa, abin juyawa yake: Magabci ne mai tayar da hankali da dalilan ƙarya, Ruhun Allah yana shiga a hankali kamar ɗigon ruwa a kan soso. Saboda haka damuwa iri ɗaya tana iya zama alheri ga wani, ta zama tarko ga wani. Ta biyu, lokacin da ranka yake cikin duhu, addu'a ta bushe, bege ya yi nisa, kada ka sauya shawarar da ka yanke lokacin da kake cikin haske. Mutane nawa ne suka bar aure ko hidima a irin wannan makon, suka zo suna da-na-sani? Ta uku, Magabci yana son sirri, kamar mai yaudarar da yake cewa kada ki gaya wa kowa. Duk shawarar da aka ce ka ɓoye wa matarka ko fastonka, ka sa mata ayar tambaya.

Salama ma ana gwada ta

Mun saba cewa "na sami salama" kamar an rufe magana ke nan. A kula. Yunusa yana gudun umarnin Allah, ya nufi Tarshish maimakon Nineba, ya sauka can cikin jirgi ya yi barci mai nauyi, teku na hauka, matuƙa na kuka. Barcinsa bai nuna yana kan hanya ba. Ubangiji Yesu kuwa a Getsamani, a tsakiyar nufin Uba, ya ce ransa yana baƙin ciki har kamar ya mutu. Irmiya 17:9 ta ce zuciya ta fi komai yaudara, 1 Yahaya 4:1 kuma ta ce kada mu gaskata kowane ruhu, mu gwada su. Gwajin ya shafi nauyi, ya shafi sauƙi.

Ayar da aka fi jawowa a wannan magana ita ce Kolosiyawa 3:15, inda aka ce salamar Almasihu ta yi mulki a zukatanmu. Kalmar Helenancin da aka fassara da mulki, ta alƙalin wasa ce, mai tsayar da wasa ya raba gardama. Hoton yana da kyau. Sai dai ka karanta ayar har ƙarshe: an kira mu ga wannan salama a matsayin jiki ɗaya. Ba a ba kowa usur ya shiga ɗaki shi kaɗai ba. Don haka ka kai nauyinka wurin mutum biyu ko uku da suka san ka, suka san Littafi, waɗanda ba su da riba ko hasara a cikin maganar, kuma suna iya ce maka ka yi kuskure. Kada ka zaɓi masu gaya maka abin da kake son ji. Karin Magana 15:22 ta ce shiri yakan rushe in babu shawara. Idan kana da aure, abokin zamanka ne na farko. Matata ta ce mini daga baya ita ma ranar hankalinta bai kwanta da mutumin ba, amma ban tambaye ta ba.

Buɗaɗɗiyar ƙofa ma ba hujja ba ce ita kaɗai. A 2 Korantiyawa 2:12-13 Bulus ya ce ya isa Taruwasa, Ubangiji ya buɗe masa ƙofar bishara, amma ransa bai sami sukuni ba don bai tarar da abokin aikinsa Titus ba, sai ya yi sallama da su ya wuce Makidoniya. Wannan Bulus ɗin kuma, da annabi Agabas ya ɗaure hannuwansa da ƙafafunsa da ɗamarar Bulus a Kaisariya ya nuna abin da ke jiransa a Urushalima, 'yan'uwa suna kuka suna roƙonsa, bai fasa tafiya ba. Wuri ɗaya ya bar dama saboda nauyin zuciya, wuri ɗaya ya shiga wahala ido buɗe. Wahala a gaba ba ta nufin hanyar ba ta Allah ba ce.

In kwana ukun sun cika

Ka yi addu'a kamar yadda Yakubu 1:5 ta ce, ka roƙi hikima. Ka yi barci, ka rubuta, ka duba Kalma, ka yi shawara. Sau da yawa abin da ya rage shi ne ka koma wurin mutumin ka yi tambayar da kake gudu: ina takardun? Wa kuma ke cikin maganar? Me ya raba ka da abokin hulɗarka na baya? Wani nauyin a nan yake sauka, don rashin sani ne kawai ya kawo shi. In ya sauka, ka ci gaba da zuciya ɗaya, kada ka yi ta waiwaye.

In kuwa yana nan, kuma babu umarnin Littafi da ya tilasta ka, ka ce a'a ko da ba ka iya kare dalilinka a gaban kowa ba. Romawa 14:23 tana magana ne a kan abinci, amma ƙa'idar ta wuce nan: abin da ba daga bangaskiya ya fito ba, kada ka yi shi. Ka faɗa a taƙaice, da ladabi: "Na yi addu'a, na yi tunani, ba zan iya shiga wannan ba." Kada ka ce "Ubangiji ya nuna mini kai macuci ne." Ba ka sani ba. Nauyin ya ba ka izinin janye hannunka, bai ba ka izinin ɓata sunan kowa ba, kuma jingina wa Allah maganar da ba ka tabbatar ba babban abu ne. Wataƙila mutumin na kirki ne, lokacin ne ba naka ba.

Wata kalma ga wanda kullum zuciyarsa a ɗar-ɗar take, kowace ƙaramar shawara sai ta hana shi barci, kullum yana jin ya yi wa Allah laifi. Ignatiyus kansa ya sha wannan azabar a garin Manresa, yana ta maimaita furta zunuban da ya riga ya furta, har ya gane ba daga Allah abin yake ba. Idan haka kake, ƙararrawarka tana bugawa ba dare ba rana, ba za ka iya dogara da ita kai kaɗai ba. Ka jingina da Kalma da shawarar amintattu, ka kuma ga likita, don yawan fargaba ciwo ne da ake magani. Babu abin kunya a ciki.

Abu na ƙarshe da nake yi shi ne ajiye littafi. Ibraniyawa 5:14 ta ce manya su ne waɗanda yau da gobe ta horar da hankalinsu su rarrabe nagarta da mugunta. Kowane dare kafin in kwanta nakan ɗauki minti goma in bi ranar daga safe: ina na ji sauƙi, ina na ji nauyi, me nake yi a lokacin. Babbar shawara kuwa nakan rubuta kwanan wata, abin da na ji, abin da na yanke, in bar fili a ƙasa. Bayan wata shida ko shekara in dawo in cike filin da abin da ya faru. A haka na gano cewa nauyin da nake ji a kan kuɗi da alkawari yawanci gaskiya yake faɗa mini, wanda nake ji kafin in tsaya gaban jama'a ko in nemi gafara kuwa kusan kullum tsoro ne. Naka zai iya bambanta da nawa, littafinka ne zai nuna maka.

A shafin da na buɗe shekaranjiya akwai maganar wani aiki da aka yi mini tayi. Albashin ya fi na yanzu, mutanen sun karɓe ni hannu bibbiyu, amma akwai sharaɗi guda a shafi na biyu da idona yake ta komawa kansa. Na nuna wa matata, ita ma a nan ta tsaya. Na ce musu su ba ni zuwa Juma'a, gobe kuma zan kira in tambaye su ma'anarsa.